Kwandaloli goma da suka tafi tantancewa ba su dawo ba

A watan Satumba na 2004, wasu 'yan gida ɗaya suka ɗauki kwandalolin zinare guda goma a birnin Filadelfiya na Amurka, kowace da tambarin dala 20 da shekarar 1933 a jikinta, suka miƙa wa hukumar buga kuɗin ƙasar domin ta duba musu ko na gaske ne. Hukumar ta ɗauki watanni tana dubawa, har da taimakon masana daga gidan tarihi na Smithsonian. A 2005 ta ba da amsa: duka goman na gaske ne. Tunda kuwa na gaske ne, in ji ta, kayan gwamnati ne da aka sace kusan shekara 70 baya, don haka ba za su koma hannun kowa ba. Aka kai su Fort Knox, ma'ajiyar zinaren Amurka da ke jihar Kentucky, aka kulle. Masu kayan suka shafe fiye da shekara goma suna zarya a kotu, suka tashi ba ko sisi.

'Yar'uwar waɗannan kwandaloli, wadda aka buga a gida ɗaya, a shekara ɗaya, kuma bisa dukkan alamu ta hannun mutum ɗaya ta fito, an yi gwanjonta a New York ranar 8 ga Yuni 2021 a kan dala 18,872,250. Zinaren da ke jikinta a ranar bai kai na dala 2,000 ba.

A shirin talabijin na Star Trek akwai wata al'umma ta ƙage da ake kira Ferengi, gajeru masu faka-fakan kunnuwa, waɗanda ba su san komai ba sai ciniki da riba. Marubutan shirin sun ba su dokokin neman dukiya har 285, ana jefa ɗaya-ɗaya a bakin 'yan wasa don raha, musamman a kashin shirin mai suna Deep Space Nine da ya fara a 1993. Gatse ne dokokin, an tsara su don a yi wa haɗama ba'a. Amma wanda ya san teburin dillalan tsofaffin kuɗi, inda ake murmushi ana auna juna, zai ji kamar da su ake. Shi ya sa na ɗauko kaɗan daga cikinsu na gwada su a kan wannan rikici, domin a ciki an yi sayayya, an yi ɓoyo, an yi kame, an yi sulhu, an yi shari'a. Dokokin sun yi aiki kuwa. Sai dai wanda suka yi wa aikin ba shi ne ɗan kasuwa ba.

Yadda kuɗi ya zama kayan sata

Kwandalar dala 20 ta zinare, wadda Amurkawa ke kira Double Eagle, ta sami fasalinta na ƙarshe a 1907, lokacin da Shugaba Theodore Roosevelt ya sa wani gwanin sassaƙa, Augustus Saint-Gaudens, ya zana ta. Faɗinta milimita 34, nauyinta giram 33 da ɗoriya, kashi 90 cikin ɗari zinare ne, sauran jan ƙarfe don ta yi ƙwari. A fuskarta mace ce tafe gaba-gaɗi, tocila a hannun dama, reshen zaitun a hagu, hasken rana na tasowa a bayanta, ga ginin majalisar dokoki ɗan ƙarami can ƙasa kusa da ƙafarta, taurari sun kewaye gefen, 46 da farko, 48 daga 1912. A bayanta mikiya ce a sama ta buɗe fiffike. Miliyoyinta aka buga cikin shekaru, kuma yawancin shekarun mutum zai same ta a yau a farashin da bai yi nisa da na zinarenta ba.

Ta 1933 ce daban. Franklin Roosevelt ya hau mulki ranar 4 ga Maris na shekarar, bankuna na durƙushewa, jama'a na layin kwashe zinarensu. Cikin kwana biyu ya rufe bankunan ƙasar na ɗan lokaci, ya hana su fitar da zinare. Ranar 5 ga Afrilu ya sa hannu a kan umarni mai lamba 6102, wanda ya tilasta wa mutane su miƙa zinarensu a ba su takarda, in ban da ɗan abin da bai wuce dala 100 ba, da kayan sana'a, da kwandalolin da aka san suna da daraja ta musamman ga masu tara tsofaffin kuɗi. Abin mamaki, gidan buga kuɗi na Filadelfiya bai tsaya ba. Babu wanda ya ce masa ya tsaya. Daga tsakiyar Maris zuwa Mayu ya buga kwandaloli 445,500 masu shekarar 1933, aka zuba a buhuna aka jibge a ɗakin ajiya.

A Janairun 1934 sabuwar doka ta ɗaga farashin zinare daga dala 20.67 zuwa dala 35 kowane oza, ta kuma kawo ƙarshen kuɗin zinare a hannun jama'a. Aka aika biyu daga cikin na 1933 zuwa Smithsonian don tarihi. Sauran aka narkar zuwa 1937, aka mai da su sanduna. A littafin gwamnati, lissafi ya rufe: biyu a gidan tarihi, sauran sun shiga wuta.

Mutumin da bai ajiye rasit ba

A 1937 ɗin nan ne kwandalolin da littafi ya ce sun narke suka fara ɓulla a hannun dillalai. Duk wadda aka bi sawunta daga baya, sai a tarar ta biyo ta shagon Israel Switt, wani mai sayen gwal da tsofaffin kayan ƙawa a layin maƙeran zinare na Filadelfiya, tafiyar ƙafa daga gidan buga kuɗin. Mutum ne mai shiga da fita a wurin, yana kai tarkacen zinare ana biyansa. Tun 1934 an taɓa kama shi da kuɗin zinaren da doka ta hana riƙewa. Masu bincike sun zargi kashiyan gidan, George McCann, da cewa shi ya yi musanye: ya cire na 1933 daga buhu, ya zuba na wasu shekarun a madadinsu. Idan haka aka yi, nauyi bai canja ba, ƙidaya ba ta canja ba, ko giram ɗaya na zinare bai ɓace wa gwamnati ba. Shekarar da ke jikin ƙarfen kawai aka sace.

Switt ya yi ciniki irin wanda Ferengi za su jinjina wa. Ya sayar a ɗaruruwan daloli, bai faɗi inda ya samo ba, bai rubuta komai ba. Da jami'ai suka zo masa a 1944, ya amsa cewa ya sayar da tara, amma ya ce bai tuna daga wa ya saya ba. Ba a gurfanar da shi ba, saboda wa'adin da doka ta ba da na shigar da ƙara ya riga ya wuce. Ya ci gaba da zama a shagonsa har ya rasu a 1990. A ranar, rashin takarda ya cece shi. Bayan shekara sittin da wani abu, rashin takardar ne ya kayar da 'yarsa da jikokinsa, iyalin nan da suka miƙa kwandaloli goma a 2004, domin abin da kotu ta nema wurinsu shi ne hanyar halal da kayan suka bi suka fito, kakan kuwa ya share ta da hannunsa.

Tambaya guda

Doka ta 208 a kundin Ferengi tana cewa wani lokaci abin da ya fi tambaya haɗari shi ne amsarta. Shekara bakwai ana saye da sayar da kwandalar 1933 a fili, har ana tallarta a mujallun masu harkar, babu wanda ya ce uffan. A Maris 1944 kamfanin gwanjo na Stack's da ke New York ya sa ɗaya a jerin kayan da zai sayar na wani Kanar James Flanagan. Wani ɗan jarida mai rubutu a kan tsofaffin kuɗi, Ernest Kehr, ya aika wa hukumar buga kuɗi tambaya mai sauƙi: guda nawa aka fitar wa jama'a? Hukuma ta buɗe littafi, ta ga ba a fitar da ko ɗaya ba. Ta kira jami'an Secret Service, hukumar tsaro mai binciken laifukan da suka shafi kuɗin ƙasar.

Suka ƙwace ta Flanagan kafin a yi gwanjon, suka shiga bin masu riƙe da sauran gida-gida. Waɗannan ba ɓarayi ba ne. Attajirai ne da suka biya kuɗinsu a fili. Wani mai suna L. G. Barnard ya ja da gwamnati a kotu a jihar Tennessee, ya faɗi a 1947. Louis Eliasberg na Baltimore, wanda ya shahara da tara kusan kowace irin kwandala da Amurka ta taɓa bugawa, ya miƙa tasa da kansa a 1952. Tara aka tattaro, duka aka narkar, ba a biya kowa diyya ba. A dokar Amurka wanda ya sayi kayan sata, ko da bai sani ba, bai mallake su ba, domin ɓarawo ba ya iya sayar da abin da ba nasa ba.

Guda ɗaya ta tsira, kuma takarda ce ta tsirar da ita. Sarki Faruk na Masar mutum ne mai tara komai, daga agogo zuwa kan sarki zuwa kuɗin zinare dubbai. A farkon 1944 ya sayi ta 1933 ta hannun B. Max Mehl, wani dillali a Texas. Da yake sarki ne mai ofishin jakadanci, ba a sa ta a aljihu aka tsallaka da ita ba. Jami'ansa suka rubuta wa Baitulmalin Amurka suna neman lasisin fitar da ita, aka duba, aka ga kwandala ce mai daraja ga masu tarawa, aka sa hannu. Makonni kaɗan bayan haka Kehr ya yi tambayarsa. Amurka ta so ta nemi a dawo da ita, amma ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, mashigin Suez na cikin Masar, ba lokacin ɓata wa sarki rai a kan kwandala ɗaya ba ne. Doka ta 34 ta ce yaƙi alheri ne ga kasuwa. Ga wannan kwandala dai haka ya zama.

Sojoji suka hamɓarar da Faruk a Yulin 1952. A 1954 sabuwar gwamnati ta kira kamfanin Sotheby's ya yi gwanjon kayan sarkin a Alƙahira. Kwandalar na cikin jeri. Amurka ta nemi a cire ta, aka cire, amma ba a miƙa mata ba. Daga nan aka daina jin ɗuriyarta har shekara 40.

Wanda ya ci riba

Ranar 8 ga Fabrairu 1996, wani dillali ɗan Birtaniya, Stephen Fenton, ya shiga ɗaki a otal ɗin Waldorf-Astoria da ke New York da kwandalar 1933, don ya sayar a kan dala miliyan ɗaya da rabi. Masu sayen jami'an Secret Service ne. Aka kama shi, aka ƙwace kayan. Daga baya aka janye tuhumar laifi, shari'a ta koma kan mallakar kwandalar kanta. Fenton ya ce wannan ita ce ta Faruk, ta biyo ta hannun wani mai sayar da gwal ɗan Masar tare da wasu kwandalolin sarkin. Lauyansa, Barry Berke, ya riƙe lasisin 1944 gam. Idan gwamnati da kanta ta sa hannu ta ce a fita da ita, da wane baki za ta tsaya gaban kotu ta ce kayan sata ce?

Hujjar cewa ita ce ta Faruk labarin hanyar da ta biyo ne, ba wata alama a jikin ƙarfen ba. Amma gwamnati ta ga tana iya faɗuwa, kuma faɗuwa a wannan shari'a na iya buɗe ƙofa ga duk mai ɓoye da wata. A Janairun 2001, ana gab da fara sauraro, aka yi sulhu: kwandala ta zama ta gwamnati, a yi gwanjonta, a raba kuɗin biyu da Fenton, a kuma ayyana ta a matsayin guda ɗaya tak ta 1933 da doka ta yarda wani mutum ya mallaka. A lokacin tana ajiye a ɗakin ajiyar da ke ɗaya daga cikin gine-ginen Cibiyar Kasuwanci ta Duniya a New York. A Yulin 2001 aka ɗauke ta zuwa Fort Knox, wata biyu kafin harin 11 ga Satumba ya rushe wurin.

Ranar 30 ga Yuli 2002 aka buga guduma a Sotheby's a kan dala miliyan 6.6, cikin ƙasa da minti goma. Da la'adar kashi 15 cikin ɗari ya zama dala 7,590,000. Sai aka ƙara wata dala 20. Tunda gwamnati ta ce ba a taɓa fitar da kwandalar a matsayin kuɗi ba, dole a biya ta dala 20 ɗin da aka rubuta a jiki, daraktar hukumar buga kuɗi ta sa hannu a takardar da ta mai da ita kuɗi na halal. Shi ya sa farashin da ke littafi yake dala 7,590,020. A ganina wannan 'yar dala 20 ita ce asalin abin da aka saya. Sauran miliyoyin suna rataye ne a jikinta. Mai sayen ya ɓoye sunansa har 2021, lokacin da aka bayyana cewa Stuart Weitzman ne, mai zana takalman mata, kuma shi ne ya sayar da ita a kan dala miliyan 18 da dubu ɗari takwas da wani abu.

Doka ta 62 ta ce iyakar haɗarin hanya, iyakar ribarta. Mai karanta labarin Fenton zai ce ga shaida: an kama mutum, ya fito da miliyoyi. Amma haɗarin da ya ɗauka bai fi na Barnard ko na Flanagan ba, su kuwa ko kwabo ba su gani ba. Abin da ya raba su kuskuren wani ma'aikacin ofis ne a 1944. Wanda ya ɗauki wannan doka ya shiga kasuwar tsofaffin kuɗi da ita, labarin mutum ɗaya ya ji, ya manta da tara.

Shawarar da aka yanke a 2004

Nan ne lamarin ya fi ɗaukar hankalina. A 2002, da labarin gwanjon ya cika jaridu, sunan Switt ya sake fitowa. Jikansa Roy Langbord ya gani, ya tambayi mahaifiyarsa Joan, 'yar Switt, wadda ta gaji shagon, ko tsohon ya bar wasu. Bisa shaidar da suka bayar a kotu, a 2003 ne suka tarar da guda goma a ƙasan akwatin ajiyar iyalin a banki, an nannaɗe su cikin wata jakar takarda ta kanti, tare da tarkacen wasu kayan.

Me mutum zai yi da irin wannan tsintuwa? Yana iya mai da akwatin ya rufe, ya bar wa jikoki ciwon kan. Yana iya sayarwa a ɓoye, ɗaya-ɗaya, a ƙasar waje, a farashin kayan da mai saye ba zai iya nuna wa kowa ba, tare da sanin abin da ya sami Fenton a otal. Ko kuma ya je wurin gwamnati ya nemi irin sulhun da aka yi a 2001. Suka zaɓi na ƙarshe, suka ɗauki Berke, lauyan da ya san hanyar. Ya gana da lauyoyin hukuma, ya kuma rubuta wasiƙa cewa ana miƙa kwandalolin ne don tantancewa kawai, iyalin ba su sarayar da haƙƙinsu ko ɗaya ba. Sai aka miƙa duka goman.

Duka goman. A nan nake ganin aka yi asarar, ba a kotu ba. Ferengi za su ce a kai ɗaya, a bar tara a inda suke. Wannan shawara tana da nata rami, domin da zarar an kai ɗaya za a tambayi ko akwai saura, kuma yi wa jami'in gwamnatin tarayya ƙarya laifi ne mai zaman kansa a Amurka. Lauya ba zai ba da ita ba. Amma akwai tazara tsakanin ɓoyo da miƙa wuya. Ana iya shigar da ƙara a nemi kotu ta fayyace mallaka tun kayan na hannun wani amintacce na tsakani. Ana iya ƙin sakin komai sai an sa hannu a yarjejeniyar da ta faɗi abin da zai faru idan suka tabbata na gaske. Wasiƙar Berke magana ce ta ɓangare ɗaya. Doka ta 17 ta ce yarjejeniya yarjejeniya ce, amma tsakanin Ferengi da Ferengi kawai, ma'ana alkawari yana ɗaure ne tsakanin waɗanda ƙarfinsu ya zo ɗaya. Iyalin sun tafi da tunanin ciniki za a yi. Wanda suka je wurinsa kuwa shi ne mai tantancewa, shi ne mai da'awar kayan, shi ne mai 'yan sanda, shi ne mai ɗakin ajiya. An ba kura ajiyar nama.

Kuma gwamnati na da dalilin da ya wuce son rai. A 2002 ta karɓi rabin kuɗin gwanjo bisa cewa wannan ce kaɗai ta halal. Mai sayen bai biya miliyan bakwai da rabi don kyawun zane ba, domin irin zanen na nan birjik a wasu shekarun. Ya biya ne don babu ta biyu. Halatta wasu goma zai zama cin amanar wancan ciniki. Wannan kuma ya nuna ramin da ke cikin lissafin dala miliyan 80 da jaridu suka riƙa yi wa kwandalolin goma. An ɗauki farashin guda ɗaya tilo an ninka sau goma, alhali ranar da goman suka shigo kasuwa babu sauran tilo. Da sun yi tsada, babu shakka, amma ba wannan tsadar ba.

Dokar farko a kundin Ferengi, wadda kowane mai kallon shirin ya haddace, ita ce: in kuɗinsu ya shigo hannunka, kada ka mayar. A duk tsawon wannan labari, ɓangare ɗaya ne ya bi ta sau da ƙafa tun daga 1944, kuma ba dillali ba ne.

Ta leƙo ta koma

Iyalin suka shigar da ƙara a Disambar 2006. A 2009 alƙali Legrome Davis ya ce gwamnati ta taka haƙƙinsu da ta riƙe kayan ba tare da zuwa kotu ba, ya umarce ta ta shigar da ƙarar ƙwace kaya, ta kuma kawo hujja. A Yulin 2011 aka yi shari'ar a Filadelfiya gaban masu taya alƙali yanke hukunci.

Kowane ɓangare ya kawo masaninsa. Na gwamnati, David Tripp, ya bi littattafan gidan buga kuɗin rana-rana, ya ce babu inda aka rubuta fitar kwandalar 1933 ko ɗaya ta tagar kashiya. Na iyalin, Roger Burdette, ya ce a wancan zamani al'ada ce mutum ya zo taga ya ba da tsohuwar kwandalar zinare a ba shi sabuwa, kuma akwai 'yan kwanaki a ƙarshen Maris da farkon Afrilun 1933 da irin wannan musanye zai iya faruwa ba tare da karya doka ba, littattafan kuma ba su da cikar da ake ba su. Hujja ce mai ma'ana, amma "zai iya faruwa" take cewa, ba "ya faru" ba. Babu rasit, babu shaida, duk wanda ya san gaskiya ya mutu. Abin da ya rage a rubuce shi ne rahotannin Secret Service na 1944, sunan Switt a kusan kowane shafi. Masu yanke hukunci suka ba gwamnati gaskiya.

A Afrilun 2015 alƙalai uku na kotun ɗaukaka ƙara, biyu da ɗaya, suka juya hukuncin. Ba su ce kayan halal ne ba. Cewa suka yi wata dokar shekarar 2000 ta ba gwamnati kwana 90 ta shigar da ƙara bayan mai kaya ya nemi kayansa, ba ta yi ba, don haka ta mayar. Murna ba ta daɗe ba. Cikakken zaman kotun ya soke wannan, ya sake sauraro, a Agustan 2016 alƙalai tara suka goyi bayan gwamnati, uku suka saɓa. A Afrilun 2017 Kotun Ƙoli ta ƙi karɓar ƙarar.

Dokar ƙarshe, ta 285, ta ce babu alherin da ba a hukunta mai shi. Da sauƙi a liƙa wa wannan iyali ita, kuma da yawa cikin masu harkar haka suke gani: mutane sun zo da ƙafarsu, an ƙwace musu kaya. Ban cika yarda ba. Ba kyauta suka kai ba, tayin ciniki suka kai, kuma suna da dalilin zaton zai yiwu tunda an yi da Fenton. Abin da ba su auna ba shi ne Fenton yana da takarda mai sa hannun Baitulmali, su kuwa abin da ke hannunsu sunan mutumin da gwamnati ta yi shekara 60 tana jin haushinsa. Kamar mai fili ne a tsakiyar gari, ginin ya yi kyau, unguwa ta yi tsada, amma ba shi da takardar mallaka, sai ya je ofishin filaye da kansa ya ce a zo a auna masa.

Wani abin lura kuma: tun ƙarshen 1974 aka ɗage haramcin riƙe zinare a Amurka. Kowa na iya sayen kwandalar 1932 ko ta 1928 ya sa a aljihu. Matsalar ta 1933 ba zinare ba ne, da'awar sata ce, ita kuwa ba ta tsufa. Shi ya sa manyan gidajen gwanjo suke cika shafuka da jerin hannayen da kwandala ta bi, wane ya saya daga wane, a wace shekara, a wane gwanjo. Kamfanonin tantancewa irin su PCGS da NGC suna iya cewa ta gaske ce, su ba ta maki a kan ma'aunin 70, su rufe ta a roba. Ba sa iya cewa taka ce.

A cikin rahotannin 1944 akwai maganar wani dillalin Filadelfiya, James Macallister, wanda ya sayi da dama daga hannun Switt. Ya gaya wa jami'ai cewa Switt ya taɓa ce masa guda 25 gare shi. Tara an narkar, ɗaya ta bi ta Masar, goma aka kai Fort Knox. A 2018 hukumar buga kuɗi ta bayyana cewa wani da ba a faɗi sunansa ba ya miƙa mata wata guda da kansa, ta haɗa ta da goman. Ashirin da ɗaya ke nan. Idan Switt bai yi kuri ba, saura huɗu suna hannun wasu, kuma hukumar ta riga ta ce duk wadda ta ɓulla tata ce.